Sharaɗin Baffa Surajo

A dangin su Khairiyya ba a barin goron tambayar aure ya kwana. Ranar da aka kawo shi ranar ake kasa shi, a aika wa gwaggonni da kawunnai, kowa ya tauna ya san an ba da yarinya. Amma goron da iyayen Mujitaba suka ɗauko tun daga Kiru suka dire a Tudun Wada yana nan a bayan ƙofar Inna Hasiya, matar Baffanta, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, har an fara mantawa da ranar da ya shigo gidan. Kullum da safe Khairiyya ke yayyafa masa ruwa don kada ya bushe, Inna kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Baffa Surajo ne ya ce kada a taɓa. Shi ne wan mahaifinta, shi ya riƙe ta tun ranar da aka binne mahaifin nata, Malam Lawal, kuma shi zai ba da aurenta. Ɗan kasuwar masara ne, daga Doguwa yake saya ya kai Dawanau. Ba shi da faɗa, ba shi da zagi. In dai ya ce a'a, to kai ne za ka nemi hanyar fita daga soron.

Abin haushin, shi da bakinsa ya ce su turo. Ya ga yaron ya yaba da hankalinsa, har ya taɓa ce wa Inna wannan da gani ɗan mutunci ne.

Sana'ar Mujitaba ce ta jawo komai. Wata manhajar kwamfuta yake saka wa masu kemis da ƙananan asibitoci, tana gaya musu maganin da ya kusa ƙarewa da wanda ya kusa lalacewa. Ba shi ya ƙirƙire ta ba. Wasu mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina ta, suka sake ta a intanet, duk mai so ya ɗauka. Shi kuma ya ɗauka ya mayar da ita Hausa, ya gyara ta yadda za ta yi aiki ko babu sabis, ya riƙa bin garuruwa a kan babur yana saka wa mutane suna biyansa. A makarantar koyon aikin lafiya ta Bebeji suka haɗu da Khairiyya, lokacin tana shekarar ƙarshe. Ta leƙa kwamfutarsa ta yi masa dariyar yadda ya jagwalgwala sunayen cututtuka, ya ce to ta zauna ta gyara in ta isa. Ta kuwa isa. Daga gyaran fassara aka zarce zuwa abin da ya fi fassara.

Sai ga Abdulmalik. Ɗan yayar Inna Hasiya ne, mai shagon waya a Kwanar Ɗangora, ga mota ga turare, kuma ya daɗe yana ganin Khairiyya tamkar ajiyarsa ce. Bai zo da rigima ba, ya fi ƙarfin haka. Jira ya yi sai da majalisar Baffa ta cika bayan la'asar, sannan ya durƙusa ya gaishe da dattawa, ya zaro wayarsa.

"Baffa, wani abu ne nake so ka gani da idonka, don kada a ce na yi ƙage."

A gaban kowa ya sauke manhajar, ko sisi bai biya ba.

"Ga abin da surukin naka yake sayar wa bayin Allah. Masu ita sun bayar fi sabilillahi, kamar waƙafi. Shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi."

Wai kuma wa za a gaya wa wannan magana in ba Baffa Surajo ba, mutumin da ya haƙa rijiya a ƙofar gida sadaka ga marigayi ƙaninsa, ya kuma taɓa korar ɗan cikinsa daga gida don ya karɓi kuɗin guga a hannun wata Bafulatana. Ya miƙe ya bar majalisar. Da ya shigo gida ne kawai ya tsaya daga ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Goron nan kada a raba. Ba na ba da 'yar Lawal ga mai sayar da waƙafi."

Tun daga ranar Khairiyya ba ta ƙara cin abinci ta ƙoshi ba. Amma ko sau ɗaya ba ta yi kuka a tsakar gida ba, don ita yarinya ce da ba ta son a ga lagonta.

"Ke dai taurin kai ne da ke," in ji Inna wata rana da yamma, tana tsince shinkafa. "Ga ɗan'uwanki can a soro tun ɗazu. Ki je ku gaisa, gaisuwa ai ba aure ba ce."

"Inna, kaina ke ciwo."

"To ki kai masa ciwon kan, ya gani ya yi miki sannu."

Ta zura hijabi ta fita. Tun daga tsakar gida ƙamshin turarensa ya tare ta.

"Yaya Abdul, ina yini."

"Lafiya lau, likita. Kin ga yadda kika rame kuwa? Duk a kan mutumin da ba shi da ko sana'ar kansa."

Ta kau da kai tana kallon bango.

"Bari in gaya miki gaskiya don ina ƙaunarki," ya ci gaba yana kaɗa makullin mota. "Ko da Baffa ya yafe masa, da me zai riƙe ki? Manhajar ta Hausar ma da yake taƙama da ita ya ɗora ta a intanet a fili, ko ƙyaure babu. Ni kaina na sauke. Na share tarkacen sunayen da ke jiki, na sa sunan shagona, yanzu haka yarana suna saka wa masu kemis a Doguwa a araha. Kafin baɗi wa zai neme shi?"

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi.

"Ka share sunayen?"

"Yo me za a yi da su? Wasu Turawa da Indiyawa, ko faɗar sunan ba ka iya ba."

"Har da nawa ka share kenan."

Makullin ya daina kaɗawa.

"Naki?"

"Yana can ƙasa, a cikin waɗanda suka yi fassara. Khairiyya Lawal. Sunana da na mahaifina." Muryarta ko rawa ba ta yi ba, ita kanta sai da ta yi mamaki. "Ka je gaban dattawa ka ce wani yana sayar da waƙafi, ashe kai ma kana sayarwa, har da ƙarin goge sunan masu shi. Allah ya ba da sa'a, Yaya Abdul. A gai da Gwaggo."

Ta shige gida kanta a sama, Inna na tambayarta har ya tafi, ta ce bai tafi ba amma zai tafi. Ta rufe ƙofar ɗaki ta zauna a bakin gado. Ta gasa masa magana, ta ji daɗin hakan har cikin ranta, amma maganarsa ɗaya ta maƙale mata. In kowa zai iya ɗauka, to me Mujitaba ya mallaka?

Ba ta kai ƙararsa wajen Baffa ba. Ɗan yayar Inna ne, Inna kuwa ita ta goye ta.

Ranar da ta sake ganin Mujitaba, a kemis ɗin Hajiya Rabi ne da ke bakin kasuwa, inda take aiki. Kwamfutar shagon ce ta ƙi tashi, Hajiya ta kira shi ba tare da ta gaya mata ba, sannan da ya iso ta tuna tana da barka a unguwa. Hajiya Rabi kenan, ba ta shiga maganar kowa, sai dai ta bar ƙofa a buɗe.

Ya shigo wandonsa duk taɓo har gwiwa. An yi ruwa, kuma daga Burumburum yake. Ya rame shi ma, ta ji tausayinsa ya kama ta, sai ta haɗe rai don kada ya gane.

"Ranki ya daɗe, ko gaisuwa babu?"

"Sannu da zuwa, Injiniya."

Ya zauna gaban kwamfutar, ya taɓa nan ya taɓa can, ta tashi. Ashe waya ce kawai ta saki a baya. Ya yi murmushi ya gane aikin Hajiya ne, amma bai miƙe ba.

"Ina so in tambaye ka," ta ce, "kuma don girman Allah kada ka lallashe ni. Abin da kake ci, halak ne?"

Ya daɗe yana kallonta.

"Ke ma, Khairiyya?"

"Ni ma. Ni zan ci, ni zan sha, 'ya'yana su ci. Ina da ikon tambaya."

"Kina da shi." Ya gyara zama. "Mutanen da suka yi manhajar nan ba jefar da ita suka yi a titi ba. Sun rubuta sharaɗinsu ɓaro-ɓaro. Ka ɗauka, ka gyara, ka bayar kyauta in ka so, ka sayar in ka so. Abin da suka hana shi ne ka rufe wa na bayanka abin da aka buɗe maka, ko ka goge sunan waɗanda suka yi wahala, ko ka ɓoye wa mai saye asalin rubutun cikinta. Ban taɓa karɓar kuɗin mutum ba sai na fara gaya masa, Malam, wannan abu kyauta ne a intanet, in za ka iya sakawa da kanka bismillah."

"To me suke biya?"

Ya nuna wandonsa.

"Wannan. Da zaman da nake yi in koya wa mutumin da bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Da wayar da ake kira na ina cikin cin abinci a ce ta tsaya. Da Hausar da muka yi ni da ke."

Ta ji wani sanyi ya ratsa ta, amma ba ta gama ba.

"Ka san Yaya Abdul ya kwashe ta yana sayarwa a Doguwa?"

"Na ji."

"Ka ji! Shi ke nan, ka ji?"

"Yana da ikon sayarwa, kamar yadda nake da shi. Goge sunayen ne laifinsa, kuma na aika masa ya mayar."

"Kai wai ba ka da zuciya ne?" Hawayen da ta yi ta dannewa a gida suka ɓalle a nan, a gaban kwalaben maganin tari. "Mutum ya tozarta ka a majalisa, ya sa an hana ka aure, ya kwashe guminka, kai kuma kana nan kana ba shi gaskiya! Ni nake zaune a gidan nan, Injiniya. Ni nake jin habaicin matan unguwa. Jiya wata ta tambaye ni wai in an yi auren, sadakin ma saukewa za a yi daga intanet?"

Dariya ta so kuɓuce masa, ya danne da ƙyar, sai idonsa ya kawo ruwa a madadinta.

"Ki yi haƙuri. Wallahi ina da zuciya. Ranar da na ji abin da ya yi, ko ruwa kasa haɗiya na yi. Amma ki tuna yadda na fara. Ba ni da ko kuɗin sayen manhaja ta kirki, tsohuwar kwamfutar wani aka ba ni. Da mutanen nan sun kulle tasu, da yanzu ina tasha a kan babur ina jiran fasinja. Ban san fuskarsu ba, ba su san tawa ba, suka buɗe min. Yanzu don ta fara kawo abinci sai in ja ƙofa?"

"In Baffa ya ƙi fa?"

"Zan yi ta zuwa har ya gaji da ganina."

"In ya ce kada ka zo fa?"

Ya ɗauki jakarsa ya rataya, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wani mai kemis a Maraɗi ya sauke ta Hausar. Ya rubuto yana godiya, ya ce a gai da Malama Khairiyya Lawal, wai tun da yake bai taɓa ganin bayanin magani ya fito masa a fili haka ba. Na so in gaya miki da bakina."

Ya fita ya bar ta da hawaye a fuska da wani irin alfahari da ya cika mata ƙirji. Maraɗi! Ita da ko Kaduna ba ta taɓa zuwa ba.

Abin da ba su sani ba, Baffa Surajo ba mutumin da ke yanke hukunci da bakin mutum ɗaya ba ne, ko da ya fusata. Bai gaya wa kowa ba ya shiga bincikensa. Ya je Burumburum wajen Malam Ɗanjuma mai kemis, ya zauna kamar mai neman maganin ƙafa, ya ja shi da hira. Ya je wajen limamin unguwa da takardar sharaɗin da ya sa aka fassara masa. Ranar kasuwar Doguwa kuma, bayan ya gama da masu masara, ya zaga layin masu magani ya ga abin da ya gani.

Sannan ya aika Kiru a ce Mujitaba ya zo shi kaɗai, bayan la'asar.

Khairiyya tana wanke-wanke ta ji tsayuwar babur ɗin, wanda ko a cikin dubu za ta gane ƙararsa. Ta ɗauraye hannu ta lallaɓa bayan ƙofar soro ta maƙale. Inna ta hango ta, ta buɗe baki za ta yi magana, sai kuma ta fasa ta shige ɗaki.

Bayan an gaisa, an tambayi iyaye da damina, Baffa ya yi gyaran murya.

"Mujitaba, na zalunce ka."

"Subhanallahi, Baffa..."

"Bari in gama. Na kira ka da sunan da ba naka ba, ban tambaye ka ba. Malam Ɗanjuma ya rantse min tun ranar farko ka gaya masa abin kyauta ne, shi ya ce gara ya biya ka don ba zai iya ba. Liman ya ce tun da masu abu sun yarda a sayar, babu haramci. Ko rijiyar ƙofar gidan nan, 'yan ga-ruwa suna ɗiba su kai gidaje a biya su, ban taɓa cewa sun ci haram ba. Ban san me ya rufe min ido ba. Ka yafe min."

"Wallahi ba ka yi min komai ba, Baffa. Allah ya ƙara girma."

A bayan ƙofa Khairiyya ta toshe bakinta da mayafi. Ji take kamar ta rangaɗa guɗa. Wannan shi ne Baffanta, dattijon da zai dubi sa'an ɗan cikinsa ya ce na zalunce ka. Har ta ɗaga ƙafa za ta ruga ta gaya wa Inna, sai ta ji ya ce, "Saura magana ɗaya."

Ta mayar da ƙafar.

"Na je Doguwa. Na ga abinka a shagunan mutane da sunan wani a jiki. Ba sai na faɗi sunan ba, ɗan gida ne, kuma zan ji da shi. Amma abin ya tsaya min a rai. In ɗan gida ya iya kwashe maka cikin yini guda, wa ba zai iya ba? Ni ɗan kasuwa ne, Mujitaba. Tun ina saurayi nake wannan harka, ban taɓa ganin wanda ya bar sitonsa a buɗe ya wayi gari da hatsi ba."

"Haka ne, Baffa. Sai dai ita ko an ɗiba ba ta raguwa."

"Ita ba ta raguwa, masu saye suna raguwa. Ko ba haka ba?"

Baffa bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Na tambayi masu sani, sun ce ana iya kulle irin wannan abu, a sa masa lamba, ba mai buɗewa sai wanda ya biya. To ka kulle. Ka cire sunayen mutanen can, ka sa naka, ta zama taka kai kaɗai. Ni zan ƙara maka jari, in kama maka shago a nan bakin titi. Kana cewa to, gobe a sa rana."

A bayan ƙofa Khairiyya ta shiga roƙo a ranta. Ka ce to, Injiniya. Don Allah ka ce to, kalma ɗaya ce.



"Baffa," Mujitaba ya ce a hankali, "da tawa ce ni kaɗai, da na kulle tun kafin ka rufe baki. Amma da sharaɗi na karɓa. Sun ce duk wanda ya gyara ya fitar, to ya bar ta a buɗe yadda ya same ta. Na karanta, na yarda, sannan na ɗauka."

"Su waye su? Ka taɓa ganinsu?"

"A'a."

"Sun san Kiru?"

"Ko a mafarki."

"To in ka kulle, wa zai gaya musu?"

"Babu kowa, Baffa. Har in mutu ba za su ji ba. Shi ya sa ma abin ya fi yi min nauyi. Da suna kusa, da na je na roƙe su."

Baffa ya ja dogon numfashi. Da ya sake magana muryarsa ta sauya, irin muryar da Khairiyya ba ta taɓa ji ba sai ranar zaman makokin mahaifinta.

"Kada ka ɗauka gwada ka nake yi, yaro. Ni ba na wasa da aure. Lawal yana kwance a asibiti ya kama hannuna ya ce, Yaya, ga Khairiyya nan. Kai kana maganar amanar mutanen da ba ka sani ba. Ni amanar ƙanina ce a wuyana, uwa ɗaya uba ɗaya. Gobe in ta wayi gari babu na cefane don wani ya kwashe maka kasuwa, me zan ce masa ranar da muka haɗu?"

"Ba zan bar ta da yunwa ba, in Allah ya yarda. Ko dako ne zan yi. Masu sayen araha ma in ta tsaya musu ni suke kira."

"Yau kai suke kira. Gobe fa?"

"Gobe tana hannun Allah, Baffa."

"Kada ka yi min wa'azi a sorona. Za ka kulle ko ba za ka kulle ba?"

Ta ji sanda Mujitaba ya gyara durƙuso, ta ji muryarsa tana karyewa.

"Ka gafarce ni, Baffa. Wallahi ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda nake son auren nan ba. Amma ba zan iya ba."

"Khairiyya!" Baffa ya ƙwala kira.

Ta zabura har kanta ya bugi ƙyaure.

"Shigo. Tun ɗazu nake ganin ƙafarki."

Ta shigo ta durƙusa daga gefe, kanta a ƙasa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Tun da take ba ta taɓa zama wuri ɗaya da Baffa da wani saurayi ba.

"Kin ji da kunnenki, ba wani ya gaya miki ba. An ajiye ki a gefe guda, an ajiye wasu mutanen ƙetare a gefe guda, ya zaɓe su. Ni ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma zan fara yau ba. Faɗa min, har yanzu shi kike so?"

Hawaye suka riƙa ɗiga a kan tabarma. Ta so ta yi shiru irin na 'ya'yan kirki, a fassara shirun yadda aka ga dama. Sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Baffa, ina tsaye a can ina roƙon Allah ya ce to. Wallahi roƙo nake yi. Amma da ya buɗe baki zai amsa, sai na ji tsoro ya kama ni kada ya faɗa." Ta share fuska da gefen hijabi. "A gidan nan na tashi. Mutane daga Falgore suna kawo maka ajiyar masara su tafi, wani sai shekara ta zagayo. Ban taɓa ganin ka tsakuri buhun kowa ba don mai shi ba ya kusa. Da ya ce to ɗin nan, ni da kaina zan roƙe ka a mayar musu da kayansu."

Daga cikin gida aka ji faɗuwar kwano, alamar Inna ma ba nisa ta yi ba.

Baffa ya dube ta, ya dubi Mujitaba, ya sake dubanta. Fuskarsa ba ta nuna fushi ba, gajiya ta nuna, kuma hakan ya fi yi mata ciwo.

"Kin girma, 'yar Lawal," ya ce. "Amma kyan hali ba ya zama tuwo, ni kuma maganata tana nan. Mujitaba, na ba ka daga yau zuwa kaka. Ranar da sabuwar masara ta shiga sitona, in ka kulle, ka turo iyayenka a sa rana. In ba ka kulle ba, zan aika musu da kayansu, kuma ba gaba tsakaninmu. Kafin nan kada ka taka ƙofar gidan nan, kada ka je mata wajen aiki. Tashi ka tafi."

"Na gode, Baffa. Allah ya ƙara girma."

Ya miƙe da ƙyar kamar wanda ya yi jinya. A bakin ƙofa ya sunkuya yana laluben takalminsa, ya kasa zura ƙafa. Sannan ya ɗago ya saci kallonta, kallon mai ba da haƙuri, kuma a cikin idon nan ta ga abin da ya tsorata ta. Ya fara lissafin watannin da ke gaba ba tare da ita ba, kuma ba ta da tabbacin zai kai ƙarshensu a tsaye.

Yarinya ba ta yi wa saurayi magana a gaban waliyyinta, kowa ya san wannan, ita ma ta sani. Ta ɗago kanta sosai, hawaye na gudu har haɓa, Baffa na zaune yana ji.

"Injiniya," ta ce, "kada ka kulle."